Neman kalmar Hausa: kifin tauraro ko tauraron teku?

Salamu alaikum, jama'a. Ina neman taimakon masu harshe, musamman Kabawa da Sarkawa da suka san ruwa. Ina shirya wa ɗaliban sakandare a nan Birnin Kebbi darasi da Hausa a kan dabbar tekun nan da Turawa ke kira starfish, yadda take tara ƙarfi a jiki da yadda take hayayyafa yanzu da teku ke ƙara ɗumi. Sunanta ne ya tsaya mini. "Kifin tauraro" nake yawan gani a intanet, raina kuwa bai kwanta da shi ba.

Dabbar nan ba ta da ƙashin baya, ba ta da jini, ba ta da ƙwaƙwalwa. Ruwan teku take shigarwa ta wata 'yar ƙofa mai huda-huda a bayanta, ya bi magudanai har ƙarƙashin hannuwanta, ya motsa ɗaruruwan ƙananan ƙafafun da take rarrafe da su. Irinta sun kusan 2,000. Yaron da aka ce masa kifi, da kifi zai riƙa auna duk abin da ya biyo baya.

Wani dattijo masunci, Argungu, ta wayar ɗansa:
Malam, an gwada min hoton. Wanga ba kihi ba na. Tun ina yaro nike shiga Matan Fada da homa da gora, giwan ruwa, tarwaɗa, gaiwa, babu wanda ban kama ba, ban taɓa ganin irinai ba. Ku ce mishi tamraron ruwa.

Allah ya ƙara girma, Baba, ka raba gardamar kifi. Amma ina roƙon a sauya "ruwa". A kunnen yaron Kebbi ruwa gulbi ne ko tafki, alhali ko iri ɗaya na dabbar nan ba ya rayuwa a ruwan daɗi. Jikinta ba ya iya riƙe gishirinsa, in aka jefa ta gulbin Rima sai ta kumbura ta mutu. Dole teku ya fito a sunan.

Wata malamar bayoloji, Gusau:
Malam, ɗalibaina "tafin teku" suke cewa saboda yatsu biyar. Sai dai ni damuwata ta wuce suna. Da muka zo batun ƙarfin da jiki ke samu daga abinci na ce makamashi, sai yara suka ɗauko zancen fetur da iskar gas.

Malama, tafin teku yana da daɗin faɗa, amma ya ɗaure mu da biyar. Akwai wani iri, Pycnopodia, na gaɓar yammacin Amurka mai hannu har 24. Tauraro kuwa ba wanda ya ƙayyade masa tsinaye. Ga wata riba kuma: yawancin irinsu akwai namiji akwai mace, Hausa kuma ta riga ta ba mu tauraro da tauraruwa, jam'i taurarin teku. Darasin haihuwa sai ya zo da sauƙi.

Batun makamashi kuwa gaskiyarki. Ni kuzari na fi so, kuma a nan ainihin darasin yake, sai ku yi haƙuri in tsawaita.

In aka buɗe hannun tauraron teku za a ga wasu jakunkuna biyu dogaye masu rassa, launinsu ƙasa-ƙasa ko kore, sun miƙe daga ciki har kusan ƙarshen hannun. Su ke narkar da abinci, su ke ajiye kitse da sukarin jiki. A ƙarƙashinsu, daga gindin hannu, akwai gaɓoɓin haihuwa, su ma biyu. An daɗe ana bibiyar wani iri, Pisaster ochraceus, a gaɓar tekun Fasifik ta Amurka. A lokacin zafi na can yakan hau dabbobin nan masu ɓawo biyu irin makankari, ya ɓamɓare ɓawon kaɗan, ya fito da tumbinsa ta baki ya zura ciki ya narkar da naman a can. Jakunkunan sai su cika. Da sanyi ya shigo ci ya ragu, sai su fara motsewa, gaɓoɓin haihuwa kuma suna kumbura, har wajen Mayu da Yuni a zuba ƙwai da maniyyi cikin ruwa su haɗu a can. Saboda haka nake ba da shawarar a kira jakunkunan rumbun hannu. Duk ɗan manomi ya san iri da abincin gida daga rumbu ɗaya suke fitowa, in an ci da yawa iri ne ke raguwa.

Yadda jiki ke raba abin da ke rumbun nan tsakanin numfashi, girma, gyaran rauni da ƙwai, shi nake so mu kira kasafin kuzari. Zafin jikin tauraron teku na ruwan da yake ciki ne. Ruwa na ɗumama, jiki na ƙara ƙona ajiya ko yana kwance. In abinci ya wadata, ɗumi kaɗan ma yakan sa shi saurin girma. In bai wadata ba, ƙwai ne ke biya. Haka in hannu ya gutsure: zai sake toho, amma da rumbunsa da gaɓoɓin haihuwarsa ya tafi. Tauraruwar wani iri mai suna Leptasterias ma ba ta watsa ƙwanta, rungume su take yi a ƙarƙashin jiki makonni, ba ta cin komai.

A 2013 wata cuta ta ɓarke daga Alaska har Meziko, taurarin teku suna fitar da farin gyambo, hannuwa suna zubewa. Pycnopodia ya ragu da sama da kashi 90 cikin 100, a 2020 aka sa shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Sai a 2025 masana suka gano ƙwayar cutar, Vibrio pectenicida, kuma a wurare da dama annobar ta fi muni a ruwa mai ɗumi. Yaranmu sun cancanci su ji wannan labari da harshensu.

Malamar Gusau:
Na karɓi tauraron teku da rumbun hannu. Kasafin kuzari zan gwada a aji tukuna, don kada su ji kasafi su tuno kuɗi.

Madalla, Malama, a gwada. Saura guda: abin da ke fitowa daga ƙwan, ɗan mitsitsi mai yawo a ruwa makonni kafin ya sauka ƙasa ya zama tauraro, ko kaɗan bai yi kama da iyayensa ba. "Tsutsa" ba ta yi mini ba. Baba na Argungu, me masunta ke kiran 'ya'yan kifi ranar da suka ƙyanƙyashe, tun ba su yi kamannin kifi ba?