Namun daji da ke zaune cikin birni, me za mu kira su?

1. Jama'a, ina neman taimako kan kalma. Ina rubutu ne game da zanen tsuntsayen da ke jikin bangaye a arewacin Harlem, cikin birnin New York na Amurka. Ƙungiyar Audubon mai kare tsuntsaye ce ta fara aikin a 2014 tare da wani gidan baje kolin zane na unguwar, da burin zana nau'in tsuntsaye 314 da sauyin yanayi ke yi wa barazana. A nan yankin John James Audubon, mai zanen tsuntsaye, ya ƙare rayuwarsa a 1851, kabarinsa ma yana nan.

2. Mural, sunan irin wannan zane a Turance, bai ba ni wahala ba. Asalinsa daga kalmar Latin ce mai nufin bango, to zanen bango ya wadatar, ko da yake da yawa daga zanen nan a jikin ƙofofin ƙarfe na shaguna suke, sai an rufe kanti da dare tsuntsun ke bayyana.

3. Inda na maƙale shi ne urban wildlife, wato dabbobin da ba na kowa ba da ke zaune cikin birni. Mu namun daji muka sani. To shahon da ke sheƙa a saman gadoji da dogayen benayen New York yana farautar tattabaru fa? Yanyawar da ke yawo a titunan Landan bayan isha fa? Wasunsu a birni aka haife su, ba su taɓa ganin daji ba.

4. Wani dattijo ya ce a kira su dabbobin sake. Allah ya ƙara girma, Baba, amma kiwon sake na mai shi ne. Akuya ta yini tana yawo, magariba na yi ta koma gida. Waɗannan ba su da ubangida.

5. Wata 'yar'uwa ta kawo halittun birni. Na so wannan, don ya ɗauko malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma da jemage. Damuwata ita ce ya yi faɗi, ni da ke ma halittun birni ne, Hajiya.

6. Ni dai zuciyata ta kwanta da namun birni. Kunne na jin sa zai tuno namun daji, ya gane cewa ba na kowa ba ne, mazauni kawai suka sauya. Babu kuma mai ruɗa shi da naman mahauta, don ba a cewa namun a gaban tebur.

7. Na san namun daji ba ya yawan haɗawa da tsuntsaye a bakin mutane. Inda ake buƙatar fayyacewa sai a ce namun birni da tsuntsayen birni. Da namun birni zan rubuta nawa. Wanda ya taɓa jin wata tsohuwar kalma a bakin magabata, don Allah ya ajiye mana ita a ƙasa.