Jakar tsaba ko ɗai-ɗai?

Mai_Tsaba: Salamu alaikum. Ina tara tsabar kuɗi na ƙarfe masu hoton itatuwa da tsirrai. Ina da yen 5 ta Japan mai huda a tsakiya da zangarniyar shinkafa, da fenik 50, tsohon kuɗin Jamus, mai hoton mace a durƙushe tana dasa tsiron itacen oak. An yi min tayin jakar kilo ɗaya a gauraye, ba zan ga cikinta ba sai na biya. In saya, ko in ci gaba da tsinta ɗai-ɗai? Mai itacen al'ul ta Lebanon nake nema musamman.

Baban_Ummi: Ka nemi ta Saudiyya, dabino da takubba biyu.

Hajiya_Azurfa: Ɗana, ka yi hattara. Bara na sayi sulen azurfa na Kanada mai hoton ganyen itacen mapul daga wani ɗan kasuwa a intanet. Na gaske giram 31.1 ne. Na ɗora nawa a sikeli bai kai ba, na kawo maganaɗisu sai ga shi ya manne! Azurfa kuwa ba ta kama maganaɗisu. Na rubuta masa, ya toshe ni. Kuɗin da na yi wata huɗu ina tarawa ne, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Baban_Ummi: Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Nawa ya sayar miki?

Hajiya_Azurfa: Ƙasa da kuɗin azurfar kanta.

Ɗan_Gwanjo: Ni kusan ninki biyu na biya wa nawa.

Malam_Sikeli: Kai kuma an cuce ka. Kaɗan ake ɗorawa a kan farashin azurfa. Daga 2014 ma na gaske suna da siraran layuka da ɗan mitsitsin ganye na tsaro.

Ɗan_Gwanjo: Malam, ka taɓa saye kuwa, ko karatu kawai?

Malam_Sikeli: Shekara goma sha biyu ina tarawa.

Autan_Zaure: Ku dasa su mana, ko za su yi 'ya'ya!

Mai_Tsaba: Jama'a, maganar jakar fa?

Baban_Ummi: Ni jaka ba ta dame ni kamar gidan waya ba. Kwabban Amurka na santi ɗaya masu zangarniyar alkama, na 1909 zuwa 1958, guda tara aka aiko min. Ambulan ya iso a farke, an liƙe shi da salatif, uku suka rage a ciki.

Hajiya_Azurfa: Kai ma? Nawa wata biyu ya yi a hanya.