Wane suna za mu ba BMS a Hausa?

Mai gyaran keke, Ɓaɓura:
Salamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu kawo min keke in sa musu injin lantarki da batir sai ƙaruwa suke yi. Inji a cibiyar tayar baya, kontirola mai sarrafa wutar da ke zuwa inji a ƙarƙashin sirdi, batir a tsakiyar firam, duk waɗannan muna da bakin faɗarsu. Amma akwai wani ɗan allo kore da bai kai tafin hannu ba, yana manne a jikin batirin da siraran wayoyi, masu sayarwa na ce masa BMS, wato Battery Management System, mai kula da batir. Yarana na shago sun laƙaba masa fiyus, ni kuwa sunan nan nake so mu kashe. Kowa ya san abin da ake yi wa fiyus in ya dami mutum, 'yar waya ake nemowa a haɗe. Haka wani ya yi a ƙauyen gabas da mu. Batirinsa na yawan yanke wuta a hanya, sai ya ɓalle allon ya haɗa kai tsaye, kafin kaka rukuni biyu na ƙwayoyin da ke cikin batirin sun mutu murus. Ku taimaka da sunan da zai sa a ji nauyin taɓa shi.

Mai cajin waya, Garki:
Wa alaikumus salam Oga. Mu a harkar waya fanel muke cewa. A bar shi a fanel ɗin batir mana.

Mai haɗa sola, Kazaure:
Ƙanena, fanel ai ya yi yawa, na waya fanel, na sola fanel, na talabijin fanel. Bari in faɗi aikinsa tukuna. Batirin keke ƙananan ƙwayoyi ne aka harhaɗa, galibi irin 18650 ɗin nan da ake samu a cikin batirin laftof. Kowace ƙwaya in ta cika bolt 4.2 ce, kuma ba a son ta sauka ƙasa da 2.5 zuwa 3. Batirin da ake kira 48, rukuni 13 ne a jere, shi ya sa cajarsa ke ba da 54.6. Na 36 rukuni 10 ne, cajarsa 42. Caja jimilla kawai take gani. Ba ta san wani rukunin ya wuce 4.2 wani bai kai ba, wanda ya wuce kuwa shi ke kama wuta. Allon nan ne ke duba kowane rukuni shi kaɗai. Ku ƙirga siraran wayoyin na 48, za ku samu 14. In caji ya kai ya yanke, in batir ya kusa ƙarewa ya yanke, in waya ta haɗu ya yanke. Ni dai "mai gadin batir" nake cewa.

Mai cajin waya, Garki:
To Yaya, ƙwaƙwalwar batir fa?

Mai gyaran keke, Ɓaɓura:
Wannan kontirola ta riga ta ɗauke, don kanikawan mota sun saba da birenbos. In aka yi ƙwaƙwalwa biyu a keke ɗaya, yaro zai je kasuwa ya sayo wadda ba ita ba.

Malamin firamare, Ringim:
Mai gadi ya yi, sai dai rabin aikin ya ɗauka. Mai gadi ƙofa yake tsarewa, ba ruwansa da yadda na ciki ke zaune. Shi kuwa allon nan, in ba a kuskure na fahimta ba, har rage wa rukunin da ya yi gaba wuta yake yi don na baya su cim masa. Wanda ke tare na gaba ya jira na baya, ya san kowace dabba a garkensa, ai makiyayi ne. Ina ganin "makiyayin batir".

Mai haɗa sola, Kazaure:
Malam, ka fahimta daidai, kuma na bar nawa na bi naka. Wannan daidaitawar ma ita ce mutane ba su sani ba. Yawancin masu arha ba sa fara ta sai caji ya kusa cika, a hankali kuma suke yi. Saboda haka mai cire caja kullum a rabi, rukunansa za su yi ta bambanta har keke ya riƙa mutuwa alhali mita na nuna da saura. A riƙa barin sa ya cika lokaci-lokaci, ido na kai, ba a kwana a bar shi a ɗakin yara ba. In za a ajiye shi wata da watanni kuma, a rabi ake ajiyewa. Sai zafi. Wanda ya dawo daga kasuwar Maigatari da tsakar rana a watan Afrilu kar ya jona nan take, ya kai shi inuwa ya huce. Caji a zafin da ya haura digiri 45 yana cin ran ƙwayoyin, rumfar kwano kuwa kun san halinta. Kuma don Allah ban da cajar batirin mota.

Ɗan kasuwa, Gumel:
A gafarce ni, na ɗan kauce. Irin keken nan sai an yi masa lamba?

Malamin firamare, Ringim:
Alhaji, ya danganta da abin da aka haɗa. A ƙasashen Tarayyar Turai, in inji bai wuce wat 250 ba, yana taimako ne sai ana tuƙa feda, kuma yana daina taimakon a kilomita 25 cikin awa, keke ne, ba lamba. Amurka ta sa nata a wat 750 da mil 20 cikin awa. Amma wanda ya cire feda ya sa wat 1,500 da totur, babur ya ƙera, kuma haka 'yan VIO da FRSC za su kalle shi a titin Gumel zuwa Kano. Mai son rajista ya adana rasit na firam da na inji, kar walda ta cinye lambar firam, ya sa fitila da madubi da ham da birki na gaske kafin ya doshi ofishin lasisi. Birkin roba na keken hawa ba zai tsayar da wannan gudun ba.

Mai cajin waya, Garki:
Makiyayi na amince. Amma ƙwaya fa? Kar NDLEA su ji an ce wane ya sayo ƙwaya 52 daga Kano.

Mai gyaran keke, Ɓaɓura:
Kai dai ba ka rabo da tsiya. Ƙwayar ido ma ƙwaya ce, a ce ƙwayar batir shi ke nan. Na gwada na Malam a shago ɗazu. Wani ya kawo nasa yana cewa fiyus ya lalace a cire masa, na ce makiyayi ne ya tsayar da kai, bari mu ga wace ce ta gaza. Na ɗora mita, rukuni na bakwai na 2.9 sauran na 3.6. Bai ƙara maganar cirewa ba, kuɗin ƙwaya huɗun da ke rukunin ya tambaya. To mun tsaya a kan makiyayin batir, a shago makiyayi kawai, aikinsa na biyu kuma daidaita rukuni. A rasit zan riƙa rubuta BMS a gefe saboda masu zuwa saye Sabon Gari. Saura kontirola, wanda ke da sunan da ya fi ƙwaƙwalwa ya kawo.