Yini ɗaya a Chobe: abin da masu zuwa suka ba da shawara

Da aka tambayi masu yawon buɗe ido ko ziyarar yini ɗaya za ta wadatar, kusan duk waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa yini ɗaya a gandun dajin Chobe na Botswana ya isa a ga abin mamaki, muddin an haɗa zagayen mota da shiga jirgin ruwa a kogin Chobe. Daga garin Kasane ake tashi. Masu kwana a garin Victoria Falls na Zimbabwe ko Livingstone na Zambiya sai su yi sammako su tsallaka iyaka a Kazungula da fasfo a hannu, bayan sun tabbatar da batun biza tun daga gida.

Inda aka yi saɓani shi ne wanne za a fara. Wasu sun fi son mota da sassafe, lokacin da zakuna ba su nemi inuwa ba tukuna. Ni dai ina tare da masu cewa a bar kogin sai la'asar. A lokacin ne giwaye ke gangarowa shan ruwa garke-garke, wasu har su yi iyo zuwa tsibirin Sedudu, hanci kawai a sama, ga dorina na huci kusa da jirgi, kada kuma na shan rana baki buɗe.

Rani, daga Mayu zuwa Oktoba, ya fi yawan dabbobi a bakin ruwa. Sai dai safiyar Yuni da Yuli akwai sanyi mai ratsa ƙashi a buɗaɗɗiyar mota, don haka a riƙo rigar sanyi da maganin sauro. Musulmi kuma su tambayi irin naman abincin rana, domin ana yawan haɗawa da naman gadu.