Gwajin ciwon hanta bai kai 10 ba, ga lokacin fara aikin asibiti ya matso

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu tantance lafiyar ɗalibai kafin su shiga asibiti koyon aiki.

Ɗalibar jinya ce, saura mako 5 ta fara. Katinta ya nuna an yi mata allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B sau 3 tun tana jaririya, amma gwajin anti-HBs na yanzu, wanda ke auna ƙarfin kariyar da jini ke da ita daga cutar, ya ba da 4 mIU/mL, alhali 10 ake nema. Gwajin HBsAg da na anti-HBc, masu nuna ko mutum na da cutar ko ya taɓa kamuwa da ita, ba su nuna komai ba, wato ba ta ɗauke da cutar.

Ga inda abin ya cije. Ma'aunin 10 ɗin nan na jinin da aka ɗiba wata 1 zuwa 2 bayan allurar ƙarshe ne. Bayan shekara 20 adadin kan sauka ko da jiki bai manta yadda zai kare kansa daga cutar ba, don haka a ganina bai kamata a ce rigakafin bai kama ta ba. Shin allura ɗaya za a ƙara, a sake gwaji bayan wata guda, ko sai an maimaita duka ukun, wanda zai ci wata 6?

Sai gwajin tarin fuka da ake yi a fatar hannu. An riga an yi mata allurar ƙyanda ta MMR, kuma irin wannan rigakafi mai raunannen ƙwayar cuta mai rai kan danne sakamakon gwajin fatar, dole a jira mako 4 bayan allurar kafin a yi shi, sannan a duba hannun bayan awa 48 zuwa 72. Kuna barin ɗalibi ya fara a sashen da ba ya taɓa jini ko allura kafin sakamako ya fito?