Muhawara: Da gaske ƙirjin uwa ya fi kwalba ga bakwaini?

Maman Walida: Assalamu alaikum. Akwai wani saƙon murya da ke yawo a tsakanin matan Anguwan Rogo da Gangare a nan Jos, wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta soke sa jarirai a kwalba, wato na'urar ɗumama jarirai ta asibiti, in an haifi bakwaini uwa ta ɗaure shi a ƙirji ta koma gida. Ƙanwata na da cikin wata bakwai, jininta kuma yana hawa. Don Allah masu ilimin abin, gaskiya ne?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Batun ƙirji gaskiya ne, batun komawa gida kuwa zai iya halaka yaro. A Nuwamban 2022 hukumar ta ce a ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, da zarar an haife shi, ba sai ya fara kwanaki a kwalba ba, in dai yana numfashi da kansa kuma bai galabaita sosai ba. Babbar hujjarsu binciken da aka wallafa a 2021 ne, daga asibitoci biyar a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya. Namu a Ile-Ife aka yi. Jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka fara musu nan take, kashi 12 cikin 100 ne suka rasu cikin kwana 28, waɗanda aka jira sai da jikinsu ya daidaita kafin a fara musu kuwa kashi 15.7. Amma fa duk a ɗakin kula da jarirai aka yi, an sa wa uwa gado a ciki, yaro na kan ƙirjinta ana ba shi iskar oksijin da ƙarin ruwa.

Baban Haidar: Anti, ina ganin girmanki, amma ban gamsu ba. Ɗana bakwaini ne, a kwalba ya rayu da ikon Allah, yanzu yana firamare. Wannan dabara a Bogota ta Kolombiya aka fara ta a 1978 saboda kwalabe sun yi musu kaɗan. Dabarar rashi ce. Tsorona shi ne hukumomi su fake da ita su daina sayen kayan aiki, a ce wa talaka ya rungumi ɗansa, masu hali su tafi Abuja.

Dakta: Tarihin da ka kawo daidai ne, Baban Haidar. Sai dai shawarar 2022 ta shafi kowace ƙasa, har masu arziki. Ƙirji yana ba da ɗumi, nono ya zo da wuri, hannayen da ke taɓa yaro su ragu, cututtuka ma su ragu. Amma zan ƙara maka hujja a naka ɓangaren, don kar a ce mun ɓoye. A binciken na 2021, cikin awa 72 na farko ba a ga bambanci bayyananne a mace-mace ba. An gwada makamancinsa a Gambiya, an kuma gwada a Yuganda aka wallafa a 2024, ba a ga raguwar mutuwa mai gamsarwa ba. Abin da nake lura da shi shi ne yawan awanni: a babban binciken kusan awa 17 yaro ke yi a ƙirji kullum, a waɗancan biyun bai kai haka ba. Kuma yaron da huhunsa bai nuna ba, ɗumi kaɗai ba ya isar masa, sai da na'urar da ke taimaka masa numfashi ta hanci.

Hajiya Kaka: 'Ya'yana, awa goma sha bakwai? Mai jego da aka yi wa tiyata, ko zama ba ta iya yi, yaushe za ta ci abinci, yaushe za ta yi wanka? Mu a da auduga muke naɗe bakwaini da ita, mu kai kaskon garwashi ɗaki. Kun san sanyin Jos a hunturu.

Anti Nas: Hajiya, ranki ya daɗe, tambayarki ce ta fi damuna a wurin aiki. A binciken ma ba uwa kaɗai ta yi ba, an yarda wata 'yar uwa ta karɓe ta. Kaka, goggo, inna, duk ƙirjinsu zai yi, uban ma zai iya. Garwashi kuma don Allah a bar shi, a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa, balle ga mai ƙaramin huhu. Robar ruwan zafi tana ƙona fata. Hula da safa a sa masa, ƙirjinsa ya taɓa ƙirji, a ɗaure da zani, kai a gefe don hanci ya samu iska. Wankan farko a jinkirta aƙalla awa 24, ga bakwaini ma fiye da haka.

Baban Haidar: To kun dawo kan maganata. In sai da gado, da oksijin, da nas a kusa, ashe abin ma kuɗi yake ci. Lokacin ɗana ta taga matata ke leƙa shi, a baranda take kwana. Ina za a sa uwayen?

Anti Nas: Nan kam muna tare. Yawancin ɗakunan jariranmu an gina su ne ba a yi lissafin uwa ba. Amma kwalba in wuta ta ɗauke sanyi take yi, kuma na sha ganin an haɗa yara biyu a guda.

Baban Haidar: Sai a gyara wutar, Anti. Ba zan yarda rashin wuta ya zama hujja ba.

Dakta: Maman Walida, kar muhawara ta sa mu manta da ƙanwarki. Ta haihu a asibitin da ke da sashen jarirai, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, kuma kar ta jira naƙuda in ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko fuska ta kumbura. Akwai allurar dexamethasone da ake yi wa uwa in ana sa ran haihuwa tsakanin mako 26 zuwa 34, don huhun yaro ya nuna. Binciken 2020 da aka yi har da asibitocin Najeriya ya nuna mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Likita ne zai yanke, ba a kemis ba, domin wani bincike na 2015 da aka baza allurar a ƙananan wurare ba tare da tantance watannin ciki sosai ba, mace-macen ƙaruwa suka yi.

Maman Walida: Na gode, Dakta. Gobe tana da awo, zan raka ta. Zan tambaya ko suna barin uwa ta kwana da yaro a ɗakin, kuma ko za su yarda ni in karɓe ta idan tiyata aka yi.