Labarin soyayyar ɗiyar kolej: a rubuta ko a bari?

Maman Biyu: Salamu alaikum ƴan'uwa. Jiya na amshi wayar ɗiyata, na iske tana karatun wani labari a WhatsApp: yarinya mai shekara 14 ta faɗa son ɗan maƙwabta, ya yaudare ta, ya gudu. Ni dai na ce marubutan nan su ke buɗe wa yaranmu ido tun lokaci bai yi ba.

Mushe: Hajiya, ki yi haƙuri, ban yarda ba. Na daɗe ina koyarwa nan Tawa. Ɗiyar da ba ta taɓa buɗe littafi ba ma, in ta kai munzali, za ki ga ta soma jin kunyar wani yaro. Halitta ce. Kuma UNICEF ta ce kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, dokarmu ma 15 ta yanka wa mace. Wadda muka ce ta isa ɗakin miji, yaya za mu ce ba ta isa jin labarin zuciyarta ba?

Ɗan Ader: A 2007 gwamnatin Shekarau ta ƙona littattafan soyayya a Kano. Sun ƙare? Waya suka koma.

Maman Biyu: Shi ne ciwona, Mushe. Na takarda da sunan mai shi a bango, yana jin kunyar iyayensa. Na waya ba suna, ba mai dubawa. Wani ba labari yake ba, batsa ce, kuma a kan yarinya ƙarama.

Mushe: Wannan kam ba na kare shi, ko kaɗan.

Auta: Inna, ku bar ni in sa baki. Ina da shekara 15 wani magidanci ya riƙa tsayawa da babur ƙofar makarantarmu, yau turare, gobe kuɗin kati. Ban iya gaya wa mahaifiyata ba, kunya. A wani littafi da yayata ta kawo daga Yamai na ci karo da maganganunsa, kusan kalma da kalma, na kuma ga inda yarinyar ta ƙare: ciki, kora daga makaranta, shi ko yana fada yana shan shayi. Ranar na daina amsa gaisuwarsa.

Maman Biyu: Allah ya tsare ki, ɗiyata. Amma ba kowace ke karantawa har ƙarshe ba.

Auta: Ke kin kai ƙarshen wanda kika amshe, Inna?

Maman Biyu: Ban kai ba, raina ya ɓaci tun shafi na uku. Wayar na nan cikin jakata. Bayan isha'i zan ƙarasa shi, sannan in kira ta ɗaki.